Kare-karen harshen Hausa, kamar yadda ake jin su a unguwar Briqueterie ta Yawunde

Briqueterie unguwa ce a gunduma ta biyu ta birnin Yawunde, hedikwatar Kamaru, kuma mazaunanta kan taƙaita sunan su ce "Birik". Mutanen kudancin ƙasar sun fi saninta da tsire da kilishi, da shagunan yadi da na teloli, da kuma babban masallacinta. Tana da wata daraja da ba a cika ambata ba: wuri ne da ake jin kusan kowane irin karin Hausa a cikin 'yan layuka kaɗan, alhali tsakaninta da Kano akwai kusan kilomita 1,000 a miƙe. Mai shayin da ya zo daga Tawa, da dillalin shadda Bakano, da mahaucin da aka haifi kakansa a Banyo, duk Hausa suke yi da juna, ba mai neman tafinta. Amma kowannensu yana buɗe baki an san inda ya fito.

Abin da ake nufi da karin harshe

Karin harshe shi ne yadda mutanen wani yanki ke magana da harshen da suka yi tarayya a kansa da wasu, da nasu lafazi, da wasu kalmomi nasu, wani lokaci har da ɗan bambanci a ginin jimla. Babu harshen da ba shi da kare-kare, sai dai tazarar da ke tsakaninsu ta bambanta ƙwarai daga harshe zuwa harshe. A Turai akan ba da misali da ƙasar Suloveniya. Faɗinta bai fi na jihar Kano ba sai da kaɗan, masu harshenta kuma ba su kai miliyan 3 ba, amma masana sun ƙidaya mata kare-kare sama da 40 a cikin rukunai 7, tun daga taswirar da Fran Ramovš ya fitar a 1931. Duwatsu da kwaruruka sun raba ƙauyukansu shekaru aru-aru, har ta kai mutumin gabashin ƙasar na shan wahala kafin ya fahimci na can yamma.

Hausa akasin haka take. Masu magana da ita sun haura miliyan 50, sun bazu daga Agadas zuwa Kumasi, daga Filinge zuwa Sudan, duk da haka Basakkwace da Bahaɗeje na ciniki su rabu lafiya. Ƙasar Hausa fili ce, babu tsaunin da ke tare matafiyi, kuma fatauci da almajiranci da cin rani da auratayya sun daɗe suna gauraya mutane. Bambancin ya tsaya a matsayin da ya isa a gane asalin mutum, a kuma tsokane shi, amma bai kai ya hana fahimta ba.

Gabas da yamma

Masana sun saba raba kare-karen Hausa gida biyu. A gabas akwai Kananci, da Zazzaganci, da Bausanci, da Dauranci, da Haɗejanci, da Gudduranci na ƙasar Katagum, sai Damagaranci a Nijar. A yamma akwai Sakkwatanci, da Zamfaranci, da Kabanci, da Gobiranci, da Adaranci na yankin Tawa, da Arewanci na Dogon Dutsi, da Kurhwayanci na Filinge. Katsinanci yana tsakiya, ko da yake ya fi karkata yamma.

Duk wanda ya ɗora wannan rabo a kan taswira zai ga wani abu: layin da ya raba kare-karen ya taso ne daga arewa ya yi kudu, ita kuwa iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta ratsa daga yamma zuwa gabas. Saboda haka maganar "Hausar Nijar" da "Hausar Najeriya" ba ta da ƙarfi sosai idan ana batun lafazi da nahawu. Mutumin Maraɗi ya fi kusa da na Katsina a baki fiye da yadda yake da na Damagaram, kuma tarihi ne ya kawo haka, domin sarakunan Katsina da jihadin 1804 ya kora su ne suka kafa zamansu a Maraɗi, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri. Mutumin Birnin Ƙonni da na Illela bakinsu ɗaya, sai dai takardar shaidarsu ce daban.

Abin da kunne ke fara kamawa shi ne harafin f. Inda Bakano zai ce fata, fari, faɗi, mutumin yamma cewa yake hwata, hwari, hwaɗi. A gaban i da e kuwa sai ya koma h zalla: tahi, lahiya, hili, ƙarhe. Haka nan ts kan koma wani sauti da ake rubutawa tc, a ji tcada a maimakon tsada, dutci a maimakon dutse. Yamma na kuma son ninka baƙi. Kuɗi su zama kuɗɗi, kuma r ɗin da ke haɗa sunan mace da abin da ke biye sai ya narke cikin baƙin gaba: rigas sarki, motab Bello, hanyak Kano. A Daura l ake ji a wannan gurbi, rigal sarki.

Akwai wani rukunin kalmomi da ya fi waɗannan ban sha'awa. Kano na cewa zauna, aure, sauka, auduga. Sakkwato na cewa zamna, amre, sabka, abduga. Mai sauraro zai iya ɗauka Sakkwatawa ne suka murɗa kalmomin. Binciken da Bajamushe August Klingenheben ya wallafa a ƙarshen shekarun 1920 ya nuna cewa siffofin yamma su ne na asali, Kano ce ta sassauta m da b na ƙarshen gaɓa suka zama u. Haka abin yake ga ɗiya, wadda ta tsuke ta zama 'ya a gabas. Ke nan karin da aka ɗauka a matsayin ma'auni shi ne wanda ya fi nisa da tsohuwar Hausa a waɗannan wurare, abin da masu yi wa Basakkwace dariya ba su cika sani ba.

A nahawu ma haka. Bakano zai ce: "Yaran da suka zo jiya 'ya'yan Audu ne." Basakkwace ko Ba'adare zai ce: "Yaran da sunka zo jiya ɗiyan Audu na." Dirkar ne da ce ta zama na da ta, muka, kuka, suka, aka sun zama munka, kunka, sunka, anka. "Me ya ce?" ta zama "Mi yac ce?", "yana zaune" ta zama "shina zamne". Kano na faɗa wa mutum magana, Katsina da yamma na faɗa ma mutum. Da irin wannan baki ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙinsu na fada, kuma babu wanda ya taɓa cewa Hausarsu ta gaza.

A kudancin ƙasar Hausa wani abu daban ya faru. A Zariya da Bauci bambancin namiji da mace a sunaye ya yi rauni, sai a ji "mota ne", "rigan Audu", har ma "matan Audu" alhali mace ɗaya ake nufi. Bausanci ya kuma shahara da jera jimla irin "ya wanke mota wa sarki", inda Bakano zai ce "ya wanke wa sarki mota". Wannan raunin jinsi yana da muhimmanci ga labarin Kamaru, domin shi ne abin da ake samu kusan duk inda Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin ƙabilu, daga Jos zuwa zangunan Gana.

Yadda Hausa ta kai Yawunde

Hausa ta riga Turawa shiga ƙasar da ake kira Kamaru a yau. A ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya kafa masarautar Fombina mai hedikwata a Yola, fatake Hausawa sun bi sawun Fulani zuwa Garwa da Ngawundare da Banyo da Tibati, suna neman hauren giwa da goron tsaunukan Bamenda, daga baya kuma danƙo. Sun zarce kudu har ƙasar Vute, sun kuma zauna a Fumban ta Bamun. Da Jamusawa suka kafa sansaninsu na Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, Hausawa na cikin waɗanda suka iso wurin a matsayin 'yan kasuwa, da mahauta, da 'yan dako, da sojoji. Sunan unguwar ya samo asali ne daga masana'antar bulo da aka yi a wurin a zamanin mulkin mallaka; Ewondo, 'yan asalin yankin, Ekoudou suke kiran wajen.

Hanyoyin da fataken suka biyo duk ta gabas suke: Kano, Zariya, Bauci, kwarin Binuwai, Yola. Shi ya sa Hausar tsofaffin gidajen Hausawan Kamaru ta fi kama da ta gabas, suka da ne ake ji a bakinsu, ba sunka da na ba. Karin yamma ya fi zuwa ne a bakin 'yan ci-rani na Nijar da na Sakkwato da Zamfara da ke shigowa har yau. Jirgin ƙasan da ya haɗa Yawunde da Ngawundare tun 1974 ya ƙara yawan masu saukowa daga arewacin ƙasar.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata mai karatu ya sani. A kudancin Kamaru, kalmar "Haoussa" ba ta tsaya ga Bahaushe ba. Duk Musulmin da ya fito daga arewa, Bafulatani ne ko Babarbare ko Kotoko, haka ake kiransa. Unguwannin da ake ce wa na Hausawa a New Bell ta Duwala, da Bamenda, da Kumba, cike suke da ƙabilu iri-iri. Briqueterie ma haka: akwai Bamun, da mutanen Chadi, da na Mali, da na Senegal. Kuma harshen da ya haɗa arewacin Kamaru Fulatanci ne, ba Hausa ba. Don haka Hausar Birik tana zaune ne tsakanin manyan maƙwabta uku, Fulatanci da Faransanci da Turancin buroka, ga kuma Ewondo a gefe.

Abin da ya bambanta Hausar Birik

Kowane maƙwabci ya bar tambarinsa. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da 'y kamar Hausa, don haka waɗannan ba su cika samun matsala ba. Amma ba shi da ƙ, ba shi da ts, ba shi da z. Wanda ya tashi da Fulatanci a baki yakan ce karfe a maimakon ƙarfe, ya ce jo a maimakon zo, kuma yaran da suka tashi suna jin haka a layi sukan ɗauka. Fulatanci da Ewondo duka ba su raba sunaye zuwa namiji da mace. Suna da nasu tsarin rukunan suna da ya sha bamban. Idan aka haɗa wannan da raunin jinsin da Hausar ta taho da shi tun daga Zariya da Bauci, ba abin mamaki ba ne a ji "kasuwa ne" ko "unguwan mu" a bakin wanda iyayensa da kakanninsa duk Hausawa ne.

Kalmomin aro kuwa su ne inda iyakar Turawa ta yi aikinta sosai. A nan Ɗan Nijar da ɗan Kamaru ne ke gefe guda, ɗan Najeriya ya zama bare. Wanda ya zo daga Maraɗi ba zai yi tuntuɓe da lakwal, ko butik, ko jandarma, ko kamiyo ba, domin da su ya tashi. Bakano ne zai tsaya tambaya, shi da ya saba da makarantar boko, da kanti, da ɗan sanda, da babbar mota. Babur ɗin haya acaɓa ne a Kano, kabu-kabu a Nijar, a Kamaru kuwa benskin. Ruwan yakuwan da Kano ke ce wa zoɓo, a Yamai bisap ake nema, a Yawunde folere, sunan da aka aro daga Fulatanci.

Lissafin kuɗi ya fi komai rikita baƙo. Bahaushen Nijar yana ƙirga sefa da dala, kowace dala tamma 5, don haka idan ya ce dala ashirin yana nufin 100, jika guda kuma 1,000. Dattijon Kano da ya ji jaka, naira 200 ke zuwa masa a rai, ragowar lissafin fam ɗari na zamanin Ingilishi. Bafulatanin Ngawundare booro yake ce wa 1,000, wadda ita ma ma'anarta jaka, matasan Yawunde kuma kolo suke cewa a yarensu na titi. Mafita a kasuwar Birik ita ce a faɗi farashi da Faransanci, a ci gaba da tayi da Hausa.

Aron bai tsaya a hanya ɗaya ba. Tsiren da duk Kamaru ke kira soya daga kalmar Hausa ya samo suna, haka kilichi. Maguida, sunan da 'yan kudu ke kiran ɗan kasuwar arewa da shi, mai gida ce aka lanƙwasa. Wahala ta shiga buroka ta zauna daram.

Wace ce Hausa ta gari?

Tambayar da ke tayar da gardama ke nan a majalisun unguwar, musamman idan baƙo daga Kano ya gyara wa ɗan gida magana. Amsar da tarihi ya bayar ita ce Daidaitacciyar Hausa aba ce da aka tsara, kuma an san waɗanda suka tsara ta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya ɗauki Kananci a matsayin ginshiƙi, ko da yake ya tattara ɗimbin kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir ya kuma nuna garin kowace. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su suka zaunar da salon. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ɗora, sannan tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 suka yi ƙoƙarin daidaita rubutun ƙasashen biyu. Har yanzu da saura: Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y.

An zaɓi Kananci ne saboda yawan jama'ar Kano da ƙarfin kasuwarta, ba don ya fi sauran tsarki ba. Kafafen yaɗa labarai suka ƙarasa aikin. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007, kuma duk da daidaitacciyar suka riƙa magana, ko da ma'aikacin ɗan Damagaram ne ko ɗan Gusau. Finafinan Kano, waɗanda suka kankama tun 1990, da tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, sun shigar da Kananci har ɗakin matan Birik. Yarinyar da ba ta taɓa taka Najeriya ba tana iya kwaikwayon maganar 'yan matan Kano tsaf, sannan ta juya ta yi wa mahaifiyarta magana da Hausar gida. Masu wa'azi ma suna da nasu tasiri, domin tafsirin malaman Kaduna da Kano da Bauci na yawo a wayoyi duk watan azumi.

Ma'auni yana da amfaninsa. Ba don shi ba da jarida ɗaya ba za ta karantu daga Agadas zuwa Duwala ba. Illarsa ita ce yadda yake sa mai wani karin ya ji kunyar bakinsa. Bagobirin da ya je Kano yakan ɓoye hwa ɗinsa cikin 'yan watanni. Ga ɗan Birik abin ya fi nauyi, domin shi ba gyara lafazi kaɗai ake ce masa ya yi ba, cewa ake Hausarsa ta lalace. Matashin da aka yi wa dariya sau biyu ko uku a kan "mota ne" yana da wata mafaka a kusa, wato Faransanci, inda ba Bakanon da zai gyara masa.

A makaranta da a waya

Kamaru na da harsuna fiye da 200, kuma Faransanci da Ingilishi ne na hukuma. Kundin tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin karewa da bunƙasa harsunan gida, an kuma samar musu da haruffa na bai-ɗaya tun 1979, amma yaron Birik da Faransanci yake koyon karatu da lissafi. A makarantar allo yana koyon haruffan Larabci, waɗanda kakanninsa suka yi amfani da su wajen rubuta wasiƙun ajami zuwa Yola da Kano. Bokon Hausa, wanda takwaransa na Katsina ke koya tun firamare, shi ba wanda ya koya masa.

Sakamakon yana bayyane a saƙonnin WhatsApp da Facebook. Ana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: sannou, ina kouana, mou tchi abintchi, Allah ya kiyayé. Babu ƙugiya a kan ko wane harafi, don haka ƙasa da kasa, ɗaki da daki, duk sun zama ɗaya. Matasan Nijar da yawa ma haka suke rubutu, ko da yake can al'amarin ya ɗauki wata hanya tun da kundin da hukumomin ƙasar suka zartar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki.

Wasu kare-karen sun samu waɗanda suka rubuta su dalla-dalla. Bernard Caron ya wallafa littafi guda a kan Hausar Adar a 1991, Claude Gouffé ya yi aiki a kan ta Maraɗi, kuma babban littafin nahawun Paul Newman na 2000 ya kawo siffofin yamma kusa da na Kano a babi bayan babi. Irin wannan aiki ne Hausar Kamaru ke buƙata, kuma kayan aikinsa na nan a raye: tsofaffin da ke zama a ƙofar babban masallacin Birik bayan la'asar, waɗanda ke iya faɗin garin da kakan kowane gida ya taso, da hanyar da ya biyo kafin ya sauke kayansa a Ekoudou.